Kyamarar da Ba Ta Sallama

Ashiru malamin dabbobi ya ɗauki hoton surukinsa yana cin abinci, bai sanar da shi ba, sannan ya watsa hoton ga mutanen da ba su san darajar tsohon ba. Wannan shi ne laifinsa, kuma laifi ne. Masu kare shi a Gwandu suna cewa sabuwar kyamara ce ta ja masa. Kyamara ba ta da ƙafa. Shi ya rataya ta a wuya ya kai ta bayan rumbu.

Ba da ita ya fara ba. Shekara goma sha uku yana tare da wata 'yar ƙarama, tsarabar da yayansa ya kawo masa daga aikin Hajji, mai launin azurfa, ba ta fi sabulun wanka girma ba. A aljihun gaban riga take yini. Idan aka kunna ta sai ta yi gurnani, idonta ya turo waje a hankali kamar kan kunkuru. Idan aka danna sai ta yi ƙara sau biyu, wata jar fitila ta ƙifta, ta ɗan yi tunani, sannan ta ɗauka. A wannan tsakanin namiji yana iya gyara hula, mace ta ja mayafi, mai dariya ya rufe baki. Saboda haka ne mutanen rugar surukansa, can gefen Dangoma a ƙasar Kalgo, suka sa mata suna Mai Sallama.

Surukin nasa, Baffa Bawa, Bafulatani ne mai shanu da yawan kunya. Ashiru kuwa Bahaushe ne ɗan cikin garin Gwandu. Aikin allurar shanu ne ya kai shi Kalgo yana saurayi, can ya ga Habiba, 'yar farin Baffa, aka yi ta kai da kawo har aka ba shi ita. Bayan auren ya yi shekara biyu bai zauna da surukinsa ba. Idan ya shigo rugar ta gabas, sai tsohon ya tuna yana da abin dubawa a yamma. Gaisuwa daga nesa ake yi, ido a ƙasa. Ko sunan Habiba tsohon ba ya kamawa, don ita ce ta fari, sai dai ya ce, "Yaya mutanen gidanka?"

Ƙaramar kyamarar ce ta zaunar da su a tabarma ɗaya. Akwai wata jar saniya da Baffa yake kira Woɗe, uwar rabin garkensa. Ashiru ya taɓa yi mata magani, ya ɗauke ta hoto don kawai tana tsaye inda haske ya yi kyau. Da rani ta mutu. Bayan wata biyu Usman, ƙanen Habiba, ya gaya wa mahaifinsa cewa saniyar tana nan cikin ɗan ƙarfen da mijin yayarsa yake yawo da shi. Sai da Ashiru ya sake zuwa, sannan tsohon ya aika aka kira shi gindin gawo.

Gilashin bayan kyamarar bai fi kwalin ashana faɗi ba, kuma hasken rana yana kashe shi. Dole sai an haɗa kai biyu wuri ɗaya an kare da malafa. Haka suka yi. Ashiru yana jin ƙanshin man shanu da hayaƙi a rigar tsohon.

Baffa ya daɗe yana kallo.

"Ƙahon hagu ya fi lanƙwasa," ya ce. "Haka take. Wagga aba ba ta yi ƙarya ba."

"Akwai wasu, Baffa."

"To, Likita. Mu gani."

Daga ranar, duk zuwan da Ashiru zai yi, da an ƙare gaisuwa malafa za ta sauko. Tsohon yana ganin saniya zai faɗi uwarta da kakarta, da shekarar da aka haife ta, da wanda ya so ya saya aka hana shi. Daga saniya labari ya tafi ga shekarar da suka gangara har Yawuri neman ciyawa, ya tafi ga zamanin da fadamar Kalgo ba duka shinkafa ba ce, ana iya kora garke daga tudu har bakin ruwa ba a taka shukar kowa ba. Sau da yawa batir yakan mutu ana tsakiyar labari. Ashiru ya ciro batir ɗin guda biyu ya murza a tafin hannu ya mayar, kyamarar ta farfaɗo na minti ɗaya. Wannan yana ba tsohon dariya ƙwarai. A nan Ashiru ya gane surukinsa yana da wushirya, kuma idan yana dariya idanunsa suna ɓacewa gaba ɗaya.

Hoton kansa kuwa sau ɗaya a shekara Baffa yake yarda a ɗauka, rana ta uku bayan Ƙaramar Sallah. Zai sa farar riga, ya ɗora malafa, ya riƙe sanda, ya tsaya gaban gawon. Da Mai Sallama ta yi gurnani zai ɗaure fuska. Hotuna goma sha uku aka yi haka, kowanne da kwanan wata rawaya a kusurwarsa. Ba abin da ya bambanta su sai gemu da ke ƙara fari. Habiba ce take ajiye su a ƙasan akwatinta, cikin gwangwanin alewa.

Wani mutum da ya samu wannan sai ya gode wa Allah. Ashiru ya gode, amma akwai abin da ke cin ransa. Yana son hoto da gaske, kuma kyamarar ta tsufa. Murfin batirinta ya karye, da roba yake ɗaure shi. Idan balbela ta tashi daga bayan saniya, kafin Mai Sallama ta gama tunani sai sama kawai za a gani. Ɗan maraƙi mai tsalle yakan fito kamar hayaƙi. Bayan la'asar sakaliya komai sai ya yi dishi-dishi. Ga shi kuma ya shiga wani guruf a waya na masu ɗaukar hoto don sha'awa: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, wani injiniya a Sakkwato. Kullum maganarsu ita ce hoto mai rai. Da ya tura hoton Baffa na Sallah, wani ya rubuta masa cewa wannan ai hoton fasfo ne, sai dai an sa wa mai fasfon sanda. Aka yi dariya. Ashiru ma ya tura alamar dariya, amma bai ji daɗi ba, don ya san akwai wata fuskar da su ba su gani ba.

Ana saura mako uku a fara azumi ya je Birnin Kebbi, shagon Umar Faruk, abokin karatunsa da ke sayar da wayoyi da kyamarori na hannu.

"Surukin Fulani," in ji Umar Faruk. "Har yanzu kana yawo da wagga sabulu?"

"Ta fi ka amana. Roba nike nema, mai ƙarfi."

"Roba. Zauna, in nuna maka abu, kar ka mutu ba ka gani ba."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da wata baƙar kyamara. Ta fi ta Ashiru girma, amma ba ta kai rabin manyan nan na masu ɗaukar biki ba. Ya murɗe idonta ya cire, ya nuna masa cikinta.

"Ka ga manyan can, akwai madubi cikinsu. Shi ke ɗagawa shi faɗi duk sanda anka danna. Shi ne ƙarar da kake ji, shi ne nauyin da ke karya musu wuya. Wagga an cire mata shi. Marar madubi ake ce mata. Kuma idon ba guda ba ne awa taka. Kana son nesa, ka ɗaura na nesa. Kana son fuska, ka ɗaura na fuska."

Ya mayar da idon ya miƙa masa.

"Sa idonka nan. Abin da ka gani, shi za ka samu. Babu sai an wanke a ga ikon Allah."

Ashiru ya leƙa. A tsallaken titi wani mai rake yana fere wa wata mata. Wani ɗan koren akwati ya yi tsalle da kansa ya sauka a kan idon mai raken, ya bi shi duk inda ya juya. Mutumin ya fito tar, har da zufar goshinsa, kasuwar da ke bayansa kuma ta narke kamar an shafa ta da yatsa. Ashiru bai san lokacin da ya danna ba.

"Ba ta ɗauka ba," ya ce.

"Ta ɗauka. Har bakwai."

"Ban ji komai ba."

"Shi ma bai ji ba. Nan ne daɗin." Umar Faruk ya sa farce ya ɗago gilashin baya, ya kwantar da shi yana kallon sama. "Ka riƙe ta nan wajen cibiya, ka sunkuyar da kai awa mai duba waya. Wa zai sani?"

Ashiru ya koma Gwandu ya sayar da albasar da ya noma a fadama, ya dawo ya ɗauke ta. Mai Sallama kuma aka naɗe ta a tsohon ɗankwali aka sa a durowa.

A faɗi gaskiya, sabuwar ba ta yaudare shi ba. Duk abin da aka ce tana yi, tana yi. Ya kama balbela a sama, fikafikanta a buɗe, ana iya ƙirga gashinsu. Ya kama masu ban ruwa a Masama, ruwan da ke fita daga bakin tiyo ya tsaya cak kamar gilashi. Ya ɗauki 'yarsa Zahra'u ana yi mata kitso a inuwar zaure, inda tsohuwar ba za ta ga komai ba. Hoton yana fita daga kyamara ya shiga waya ba tare da igiya ba. A guruf aka fara ce masa Oga. Mutum mai shekara arba'in da biyar ya koma yana tashi da zumuɗi.

Rana ta uku bayan Sallah ya tafi Dangoma kamar kullum. Baffa ya sa farar riga, ya ɗora malafa, ya riƙe sanda, ya tsaya gaban gawon. Ya ga baƙar abar a hannun Ashiru, bai tambaya ba. Ya tsaya yana jira. Ya ci gaba da jira.

"An gama, Baffa."

"An gama mi?"

"Hoton. Na ɗauka."

"Yaushe?"

"Tun ɗazu."

Tsohon ya sauke sandar. Suka zauna, Ashiru ya nuna masa. Wannan gilashin babba ne, mai haske, ba ya buƙatar malafa. Kowa yana iya gani daga inda yake zaune. Baffa ya kalli kansa, ya kalli kyamarar.

"Ina waccan?"

"Ta tsufa, Baffa. Wannan ta fi ta gani. Marar madubi ce."

"Ba ta da madubi? To, ba ta san kamar fuskarta ba ke nan." Usman da ke gefe ya yi dariya. Tsohon bai yi ba. "Likita, ban ji ta yi sallama ba."

"Haka aka yi ta. Ba ta magana."

"To kai ka riƙa yi mata, tunda ita ba ta iya ba."

"In sha Allahu, Baffa."

Da bakinsa ya faɗa, gaban shaida.

Bayan wata biyu, damina ta kankama, aka kira shi duba wata saniya da ta kasa tashi. Ya iso da hantsi. Rafin da ke kafin rugar ya cika da laka, don haka ya jingine babur a gindin wata bishiya ya ƙarasa da ƙafa, ba ƙarar inji da za ta riga shi isa. Kyamarar tana wuyansa. Gero ya kai gwiwa, ko'ina kore shar, yana tafe yana ɗauka. Bin wani tsuntsu ya sa ya bar hanya ya ɓullo ta bayan rumbuna, inda baƙo ba ya bi.

Baffa yana tsugune a inuwar rumbu na ƙarshe. Ya cire malafa da hula ya ajiye a kan dutse, kansa fari fat, babu gashi ko ɗaya. Ƙwaryar fura tana tsakanin ƙafafunsa, ludayi a hannu. Nono ya zubo masa a gemu. Wani ɗan akuya yana ta tura baki cikin ƙwaryar, shi kuma yana ture shi da gwiwar hannu yana yi masa faɗa da Fulatanci, baki cike, yana dariya. Wushiryar tana waje. Idanun sun ɓace.

Shekara goma sha biyar Ashiru yana zuwa gidan nan bai taɓa ganin ko ruwa ya wuce maƙogwaron tsohon ba. Ba a kasuwa ba, ba a wajen suna ba. Ya san dalili, kunyar Fulani ce, shi kuma ba baƙo ba ne. Abin da ya kamata ya yi bai da wuya: ya juya ya koma, ko ya yi gyaran murya daga nesa ya kau da kai. Sai ya sa farce ya ɗago gilashin, ya sauke kyamarar wajen cibiya, ya sunkuyar da kai. Koren akwatin ya yi tsalle ya sauka a fuskar tsohon.

Goma sha ɗaya ya ɗauka. Sannan ya ja da baya a hankali, yana zaɓen inda zai taka, ya zagaya ta cikin geron ya fito hanya, ya zo ƙofar rugar ya tsaya.

"Salamu alaikum."

Wanda bai san ya yi laifi ba ba ya zagayawa.

Aka amsa. Bayan ɗan lokaci Baffa ya fito, hula da malafa a kai, gemu a goge. Suka gaisa, aka duba saniya, aka yi mata allura ta tashi. Suka zauna gindin gawo ya nuna masa hotunan garke, yana tsallake goma sha ɗayan da babban yatsa.

A hanyar komawa ya tsaya a Ambursa yin azahar. Bayan ya idar ya zauna a inuwar masallaci ya buɗe hotunan. Na bakwai ya fi duka. Hasken da ya biyo gefen rumbu ya sauka a kan ɗigon nonon da ke gemu, kunnen ɗan akuyan ya karkace, bayan duka ya narke ya zama kore. Bai taɓa ɗaukar abu mai kyau irin wannan ba, kuma ya sani. Ya gaya wa kansa cewa 'yan guruf su talatin ne kawai, kuma babu ɗan Kalgo a cikinsu. Ya tura, ya rubuta a ƙasa: Baffa da abokin cinsa.

Kafin ya isa Gwandu wayar ta yi zafi da yabo. Wanda ya ce fasfo shi ne ya fara cewa ya janye maganarsa.

Da la'asar ya samu Habiba a tsakar gida tana tankaɗe.

"Zo ki ga abu."

Ta goge hannu ta karɓi wayar tana murmushi. Murmushin bai daɗe ba. Ta kifa wayar a kan tabarma, ta juya fuska wajen bango.

"Malam, mi ne ne wanga?"

"Baffa ne. Ba ki ga yadda ya yi kyau ba? Don ke da yara na ɗauka. Wata rana za ku so ku tuna shi yadda yake."

"Ni ɗiyarsa ce. Tun ina goye ban ga bakinsa da abinci ba. Inna ce kaɗai ke kai masa ta juyo." Ta ɗauki rariya ta ajiye. "Ya san ka ɗauka?"

Ashiru ya ɗauki wayar daga kan tabarma.

"Goge shi."

"Habiba, ki duba hasken kawai."

"Goge shi, don Allah. Kafin yara su gani."

"Na riga na tura wa 'yan guruf."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kai da anka zaunar a tabarma," ta ɗauki garinta ta shiga madafa.

Ya goge daga guruf a ranar. Amma injiniyan Sakkwato ya riga ya sa a shafinsa, da sunan Ashiru a ƙasa don girmamawa, wasu kuma sun ɗauka daga can. Kwana tara babu abin da ya faru, har ya fara sakin jiki. A na goma Usman ya zo Gwandu a kan babur da rana tsaka. Ya ƙi shiga ciki, ya ƙi karɓar ruwa. A zaure suka tsaya.

"Jiya mun je kasuwar Kalgo da bijimi biyu," in ji Usman. "Baffa na zaune cikin dattawa a rumfar dillalai. Sai ga wani mahauci da waya. Ka san mu da mahauta akwai wasa, ba a fushi. Ya ce, 'Bawa, ashe kai ma kana da baki? Mu mun ɗauka iska kake sha.' Ya ɗaga wayar. Ta bi hannu hannu har ƙarshen rumfa. Wani ya ce akuyar ta fi shi ladabin ci. Wani ya ce ashe malafar sanƙo take ɓoyewa."

"Baffa ya ce me?"

"Ya karɓa ya duba. Ya ce hoton ya fita. Ya miƙa wa mai ita. Sannan ya tashi ya kama hanya da ƙafa, bai jira an sayar ba. Har gida bai yarda ya hau bayana ba."

"Wallahi ban yi don in tozarta shi ba."

"Ban zo tambayarka don mi ba. Ranar da ka zo duba saniya ne?"

"Ranar ce."

"Kafin ka yi sallama ko bayan ka yi?"

Ashiru ya kalli ƙasa.

"Shi ke nan," in ji Usman. "Abin da ya aiko ni in ji ke nan." Ya tayar da babur.

Washegari da safe Ashiru ya tafi Dangoma, ba kyamara, ba jakar magani. Ya bar babur a kunne har ƙofar rugar don kowa ya ji. Ya yi sallama sau uku. Usman ya fito ya kai shi gindin gawo, inda aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma aka ajiye ƙwaryar nono a rufe da faifai. An kafa wani zana a wurin, sabo, ciyawarsa ba ta gama bushewa ba, tsayinsa ya wuce kan mutum. Ta ƙarƙashinsa ana ganin yatsun ƙafa da gindin sanda.

"Maraba da Likita," muryar ta fito daga baya. "An zo lahiya?"

"Lafiya lau, Baffa."

"Yaya hanya? Rafin ya sauka?"

"Ya sauka kaɗan."

"Yaya aiki? Yaya damina wajenku? Yaya mutanen gidanka?"

Ya bi gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba, har ya tambayi lafiyar yayan Ashiru. Muryarsa ba ta canja ba. Da gaisuwa ta ƙare, Ashiru ya gyara zama.

"Baffa, na zo ba da haƙuri ne. Na yi kuskure."

"Kuskure shi ne mutum shi taka abin da bai gani ba."

"Na yi laifi."

"To."

"Na goge shi. Duka goma sha ɗayan."

"Goma sha ɗaya ne?"

Ashiru ya rufe ido. "E."

"Daga ina ka goge?"

"Daga kyamara, da wayata."

"Madalla. Saura idon mutanen Kalgo."

Sandar ta ɗan motsa a ƙasa, ta ja layi ta tsaya.

"Zan sayar da kyamarar, Baffa. Ko in fasa ta a gabanka."

"Mi ta yi? Bar abarka. An ce tana kama tsuntsu a sama."

"To ka yafe mini."

"Na yafe, duniya da lahira. Ba ni zuwa gaban Allah da maganar fura." Ya yi tari kaɗan. "Sha nono, Likita. Babu mai kallonka."

Ashiru ya buɗe faifan. Ya ɗaga ƙwaryar ya kai baki, ya ajiye bai sha ba. Ya zauna yana jiran a ce ya zagayo. Ya ji tsohon ya miƙe, ƙasusuwan gwiwarsa suka yi ƙara, yatsun suka juya.

"Saniyar nan ta warke sarai," muryar ta ce tana nisa. "Allah shi yi albarka. Ka gai da gida."

Baffa Bawa ya rayu shekara uku bayan wannan. Bai sake taka kasuwar Kalgo ba. Bai hana Ashiru zuwa ba, bai hana shi duba shanu ba, bai taɓa rage masa ko kalma ɗaya a gaisuwa ba. Idan zanan ya tsufa, sai a saƙa sabo. Ranar da ya rasu, Ashiru ya iso daga Gwandu an riga an yi masa sutura, ya kama makara tare da jama'a. Tun daga waccan damina bai ƙara ganin fuskar surukinsa ba.